Kashi Talatin da Ɗaya

Narelle Spiteri ta tura ƙofar ƙarfen da kafaɗa, domin hannuwanta duka biyu a cike suke, kwalin kek a dama, damin takardu a hagu. Ƙarfe tara saura kwata ne, amma zafin Fabrairu na Brisbane har ya jiƙa mata bayan riga. Ta sa hannu a littafin baƙi, ta gyara hular kwano, ta nufi filin sauke kaya kai tsaye, kamar yadda ta saba a watanni huɗun da ta yi tana zarya a wannan gini mai hawa goma sha biyu tana tattara bayanan kundin digirinta na uku.

Filin ba yadda ta bar shi yake ba. Rodi a zube a kan hanyar mota, buhunan siminti a rana babu lulluɓi, ga wata babbar mota a bakin ƙofa direbanta ya fito yana ta faɗa a waya. Wani mutum da ba ta taɓa gani ba ne a kan motar ɗaga kaya. Ta tambaye shi ina Semisi, wanda ya saba karɓar kaya a nan. Ya ce shi bai san wani Semisi ba, kwanansa tara ke nan da aka turo shi, kuma in da hali ta matsa daga hanya.

Ta wuce rumfar shayi. Lokacin hutun safe ne, ma'aikata sun cika teburan. A da, in ta shigo, wani zai ce a ɓoye kofuna ga Farfesa nan da agogonta, a yi dariya, a matsa mata wuri. Yau sai aka ɗaga kai aka dube ta, kowa ya koma kan abincinsa. Ta ajiye kwalin a tsakiyar tebur, ta ce ta kawo musu taƙaitaccen sakamakon binciken kamar yadda ta yi alkawari, kowa da kwafinsa, ga kuma ɗan abin godiya.

Dragan, shugaban masu ɗaurin rodi, ya buɗe kwalin da yatsa ɗaya ya leƙa, ya rufe.

"Rabon Semisi fa? Ko gidansa a Woodridge za ki kai masa?"

"Hutu ya ɗauka?"

"Hutu, e. Tun bayan Kirsimeti. Irin wanda ba a faɗa wa mutum ranar dawowa."

Bai ɗaga murya ba da yake ba ta labarin. Ya ce a makon farko na Janairu manajan wurin, Mista Pritchard, ya tara shugabannin ma'aikata a ofis ya haska musu wani jadawali a bango, da tambarin jami'arta a kusurwa. Babu suna a ciki, kowa da harafi. Layi ɗaya aka ja wa jan biro: Ma'aikaci G, mai karɓar kaya a ƙofa, kashi talatin da ɗaya cikin ɗari na lokacinsa zaman banza ne. Semisi ba ma'aikacin dindindin ba ne, kamfanin hayar ma'aikata ne ke turo shi, ko da yake shekara bakwai yana bin wannan kamfanin gini daga wuri zuwa wuri. Ba sai an kore shi ba. An dai daina kiransa.

"Ke ce mai ilimin lissafi, Farfesa," in ji Dragan. "Mutum nawa ne ke karɓar kaya a ƙofar nan?"

Wani kafinta a ƙarshen tebur ya ce tun da Semisi ya tafi, kwana uku suka yi suna neman firam ɗin tagogin hawa na takwas, ashe suna ƙarƙashin tayil a wurin ajiye motoci. Kwamfuta ta dage cewa suna sito. Ba wanda ya yi dariya. Narelle ta bar kek ɗin da takardun, ta ɗauki kwafi ɗaya, ta fita.

Ta kama hanyar tashar jirgin ƙasa, za ta gidan Semisi. Da a ce kuskure ne da ba ta sani ba, da ta samu inda za ta jingina. To ta sani.

Binciken nata a kan yadda kayan gini ke tafiya ne daga mota zuwa hannun mai aiki, da irin lokacin da ke zurarewa a tsakani. An manna wa kowane ma'aikaci wata 'yar na'ura a hular kwano wadda ke nuna inda yake da tsawon zamansa a wurin. Ita kuma aikinta ta saka kowace awa a ɗaya daga cikin gidaje uku na fom: aiki, ko taimakon aiki, ko zaman banza. Na mai ɗaurin rodi da sauƙi. Na Semisi ne ya ƙi shiga. Na'urarsa kullum sai ta nuna ya bar filin kaya, yana hawa na uku, yana hawa na bakwai, yana tsaye minti goma a nan, minti ashirin a can. Ta bi shi ta gani da idonta. Yakan zagaya ne yana tambayar kowace ƙungiya abin da za su buƙata gobe da jibi, ya duba abin da ya ƙare, ya ji wa ya makara, sannan ya sauko ya jera kayan yadda na farkon buƙata zai kasance a gaba. Duk ginin yana cikin kansa. Ta rubuta wannan a littafinta har shafi goma sha ɗaya.

Da ta kai wa malamin da ke duba aikinta, Farfesa Halloran, ta ce tana son ƙara gida na huɗu. Ya ce gidajen nan uku da su aka yi shekara arba'in ana auna aikin gini a duniya, in ta ƙara nata ba za a iya kwatanta sakamakonta da na kowa ba. Ƙa'ida a bayyane take, mutum ya bar wurin aikinsa, hannunsa ba ya kan kaya, to gida na uku. Ta yi ɗan musu, sannan ta bi. Gaskiyar da ba ta faɗa wa kowa ba ita ce lambar ta yi mata daɗi. Da ita babi na biyar ya tsaya da ƙafarsa, domin ya nuna cewa tsarin kwamfuta na bin diddigin kaya zai tsimi kusan sulusin lokacin mai sito. Kamfanin da ya buɗe mata ƙofarsa ya nemi rahoton wucin gadi a Disamba. Ta cire sunaye, ta sa haruffa, ta gaya wa kanta ta cika alkawarin sirri.

Mahaifinta birkila ne a Mackay, shekara talatin yana jera bulo. Ranar da ta ce masa za ta yi bincike a wurin gini, abu ɗaya ya roƙe ta, kada ta zama cikin masu tsayawa a inuwa da allo a hannu suna rubuta mutane.

Tana cikin jirgin ƙasa, an wuce tashar Kuraby, wayarta ta yi ƙara. Farfesa Halloran ne, muryarsa a sake. Ya ce ya sa hannu a takardar ƙarshe, ofishin masu digiri na jiran kundin kafin ƙarfe huɗu na yau, kuma mujallar da suka aika wa babi na biyar ta karɓa. Ta gaya masa abin da ta tarar. Ya ce abin bai yi daɗi ba, da gaske bai yi ba. Amma sun bi duk ƙa'idar da kwamitin jami'a ya shimfiɗa, kuma abin da kamfani ya yi da ma'aikatansa ba a wuyan mai bincike yake ba. Ta ce idan ta sake babin fa. Ya ce to sai ta sake lissafin kowa, ba na mutum ɗaya ba, sai a janye maƙalar, sai ta ƙara wata shida ko shekara, kuma tallafin karatunta ƙarshen watan nan yake ƙarewa.

"Ki miƙa kundin, Narelle. In ya so ki rubuta wata maƙala a kan wannan giɓin. Abu ne mai kyau ma da za a yi nazari a kai."

Ta ce ta ji, ta kashe wayar.

Ta san gidan Semisi, don ta taɓa zuwa sau ɗaya, ranar da aka yi wa jikarsa baftisma ya gayyace ta. Gidan katako ne a kan dogayen ƙafafu, da bishiyar mangwaro a gaba. Ta same shi a bayan gida ya tsuguna a cikin kunyoyin gwaza, tsohuwar rigar aikinsa mai ƙyalli a jikinsa, duk ta koɗe. Semisi Lolohea mutumin Tonga ne, ƙato, ɗan shekara hamsin da takwas, gashinsa ya fara fari daga gefe. Da ya gan ta sai ya miƙe da ƙyar yana dafa gwiwa, fuskarsa ta washe.

"Losaline, fito ki ga wa ya zo. Farfesa ce da kanta."

Matarsa ta leƙo daga kicin tana goge hannu. Ta gaishe ta, amma ba ta rungume ta ba kamar wancan karon. Aka shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin gidan inda iska ke ratsawa. Kafin Narelle ta ce uffan an ajiye mata faranti, dafaffen rogo da ganyen gwaza da aka naɗe da nama da madarar kwakwa. Semisi ya yi addu'a a kan abincin, ya sa sunanta a ciki, ya roƙa mata nasara a karatu.

Ya tambaye ta littafin, ta ce ya kammala. Ya ce ya gaya wa mutanen cocinsu cewa yana cikin littafin jami'a. Da ta tambayi aiki sai ya kaɗa hannu, ya ce Pritchard ya kira shi ya ce aiki ya ja baya, za a neme shi in abubuwa sun daidaita. Yanzu yana samun kwana biyu a mako a wani sito a Rocklea, lodin kwalaye. Bayan ne kawai ke ɗan damunsa. Losaline ta ce ba ɗan damu ba ne, ranar Laraba sai da ta ɗaure masa takalmi. Ta faɗa ne tana kallon Narelle.

Narelle ta dubi farantinta. Ta gane ba wanda ya gaya masa. Dragan da sauran sun rufe bakinsu don kada su kunyata shi, Losaline kuwa ko ta ji wani abu a wurin matan ma'aikata, ko zuciyarta ce ta ba ta. Tana iya cin abincin nan, ta gode, ta kama jirgin ƙarfe ɗaya, ya ci gaba da alfahari da ita har ƙarshen rayuwarsa. Ta ajiye cokalin.

"Kawu, ba aiki ne ya ja baya ba. Ni ce."

Ta faɗa masa daga farko, ba ta tsallake komai ba, gidaje ukun, da shafuka goma sha ɗaya da ta bari a littafi, da jadawalin da aka haska a bango. Ta so ta sako sunan Farfesa Halloran a gaba, sai ta ji ba za ta iya ba, ta ce shi ya ba da shawara, ita ta cika fom ɗin da hannunta. Semisi bai katse ta ba. Da ta gama sai ya ce wa matarsa ta ɗauko masa tabarau. Ya karɓi takardar, ya bi layin da ɗan yatsansa mai kauri har ya kai kan harafin.

"G ɗin nan ni ne."

"Kai ne."

"Zaman banza." Ya maimaita kalmar a hankali, kamar yana ɗanɗana ta. Ya juya shafin, inda aka jera ranakun ɗaya bayan ɗaya. Yatsansa ya tsaya. "Sha huɗu ga Oktoba. Awa biyar da minti goma. Wace rana ce wannan?"

"Talata."

"Ranar da aka yi ruwa da safe. Na ba ki rigar ruwata." Ya cire tabarau ɗin ya dube ta. "Ranar da kika ce in zagaya da ke hawa goma sha biyun nan in nuna miki yadda kaya ke tafiya. Har muka zauna a rumfa kina ɗaukar muryata."

"E."

"Wannan ma kin sa a ciki."

Ta ce na'urar ce ta ƙirga, ita ba ta lura ba sai a Disamba. Ya tambaye ta me ta yi da ta lura. Ta ce ta gwada cire ranar da sauran lokutan hirarsu, sai lambar ta sauko zuwa ashirin da shida, alhali an riga an nuna wa kamfanin talatin da ɗaya. Sai ta mayar.

Losaline ta tashi ta kwashe farantin mijinta, ta bar na Narelle, ta hau sama. Ana jin ƙarar kwanuka daga kicin. Semisi ya daɗe yana kallon kunyoyin gwazarsa. Ba fushi ta gani a fuskarsa ba, da ma fushin ne da ya fi mata sauƙi. Kunya ta gani. Can ya tambaya ko Dragan ya ga wannan jadawali, ko masu aikin famfo sun gani. Ta ce duk shugabannin sun gani.

"Ranar Asabar Dragan ya zo nan da kifi," in ji shi. "Muka zauna a kan tabarmar nan. Ina ta ba shi labarin za a kira ni."

Ta ce ya yafe mata. Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Ya ce shekara talatin da ɗaya ke nan da ya sauka a ƙasar nan, ya yi yankan nama, ya yi kwasar tumatir a Bowen, ya yi gadi, an kira shi da sunaye iri-iri a wuraren aiki, wasu ba zai maimaita su a gaban mace ba. Amma ba a taɓa ce masa malalaci ba, sai da aka samu mai ilimi.

Narelle ta sunkuyar da kai. Hawaye suka taru mata, ta danne su, don ta ga ba ta da hurumin yin kuka a gidan nan har a ce shi zai lallashe ta. Ta buɗe jakarta ta fito da tsohon littafinta na wurin aiki, wanda gefensa ya yi baƙi da ƙurar siminti. Ta ce tana da ranaku da awanni, amma ba ta da abin da ya yi a kowace fita, sai na 'yan kwanakin da ta bi shi. Idan zai iya tunawa, ko da rabi ne, za ta sake babin da gida na huɗu, ta sake lissafin kowa, ta janye maƙalar, ta aika wa kamfanin da jami'ar gyara a rubuce da sa hannunta. Ta ce yau ya kamata ta miƙa kundin, ba za ta miƙa ba.

"Malaminki ya yarda?"

"Bai sani ba tukuna."

Ya yi wani ɗan murmushi da bai kai ido ba. Ya ce tunawa ba matsala ba ce, in ta faɗa masa kayan da aka sauke a ranar, zai faɗa mata inda ƙafarsa ta taka. Losaline ta sauko da butar shayi da kofuna biyu. Ta ajiye ɗaya a gaban mijinta, ta riƙe ɗayan a hannu, ta zauna a kan matakala. Ita ce ta yi tambayar.

"In kin rubuta duk wannan, za su mayar da shi aiki?"

Narelle ta so ta ce wataƙila. Ta tuna Pritchard, ta tuna an riga an sayi tsarin kwamfutar, ta tuna cewa kafin gyaran ya fito an gama ginin an watse.

"Ban jin za su mayar da shi, Anti."

"To amfanin me?"

Wayar Narelle ta yi ƙara a cikin jaka, ta daina, ta sake. Ba ta taɓa ta ba. Semisi ya kurɓi shayinsa, ya mayar da tabarau, ya jawo takardar gabansa ya miƙar da ita a kan tabarma da tafin hannu.

"Ki ci abincinki tukuna, ba a barin abinci a gidan nan," in ji shi. "Sannan ki fara daga ranar farko. Biyu ga Satumba, me aka sauke?"

Ta buɗe littafin. "Rodi, mota biyu. Da bututun ruwa."

"Bututun bai zo daidai ba, gajeru aka kawo. Ƙarfe bakwai da rabi na hau hawa na uku in gaya wa masu famfo kada su kwance na jiya. Rubuta."

Ta rubuta.